Man da Safiyyah Ta Sayo

Duk wanda ya daɗe a Gyaɗi-Gyaɗi ya san a-kori-kurar Baballe, ko da bai san Baballen ba. Waɗanda suka san ta da ƙuruciya sun ce fara ce, amma yanzu ba mai iya rantsewa a kan launinta. An yi mata waldar wani jibgegen ƙarfe a baya, an naɗe shi da sarƙa, a jikin ƙofa kuma an rubuta JANWE da jan fenti, da lambar wayar da ruwan sama ya cinye rabinta. Shekara goma sha tara ke nan tana jan motocin da suka mutu a hanya, daga Unguwar Gano, daga Darmanawa, wani lokaci har daga Wudil, tana kai su gareji.

Aikin na mutum biyu ne. Baballe yana gaba, ƙanensa Misbahu yana cikin matacciyar motar da ake ja, riƙe da sitiyari. Motar da injinta ya mutu birkinta tauri yake yi, sai an taka shi da ƙarfi, kuma da wuri. Saboda haka suke da ƙa'idarsu: kafin Baballe ya rage gudu sai ya ɗan taɓa birki sau biyu, danjar baya ta yi ƙyaf-ƙyaf, Misbahu ya gani ya fara takawa. A shekarun nan duka ko gilashin fitila ba su taɓa fasawa ba. Misbahu, da yake bakinsa ba ya shiru, yakan ce shi kam ya fi sanin danjar motar nan a kan fuskar yayansa, kuma danjar ta fi fara'a.

Motar tana da ciwo guda, kuma ciwon tsoho ne. Aksul ɗinta na baya, wato ƙullin ƙarfen nan mai kama da tulu da ke tsakanin tayoyi, yana yoyon man giya. Baballe bai taɓa ɗaukar abin a matsayin matsala ba, don ya iya karanta shi. Kullum ya dawo daga sallar asuba sai ya leƙa ƙarƙashin motar a gindin darbejiyar ƙofar gida. In baƙin tabon da ke kan yashi bai wuce bakin kofin shayi ba, lafiya lau. In ya kai tafin hannu, to da magana. Ranar Juma'a da safe kuma sai ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi da sifana, ya kwance noti, ya zura ƙaramin yatsa a ramin. In yatsa ya fito a bushe sai ya ɗura baƙin man nan mai kauri da warin ruɓaɓɓen ƙwai, da wata robar ruwa da ya sa wa tiyo a baki.

Shiga ba wuya, fitowar ce aiki. Bayan Baballe ya daɗe da gajiya da shi. Sau da yawa in ya gama sai ƙugu ya riƙe, ya kasa ko motsi, sai ya ɗaga ƙafafu ya ce, "Misbahu, ja ni." Misbahu ya kama ƙafafun ya jawo shi da kwalin gaba ɗaya, yana cewa, "Yau kuma janwe aka ja. Yaya, nawa za ka biya?"

Wata Juma'a Safiyyah ta fito za ta tafi aiki ta tarar ana wannan jan. Ita ce babbar 'yar Baballe, sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, Uwata yake ce mata. Watanta ɗaya ke nan da fara aikin jinya a ɗakin yara na asibitin koyarwa. Ba ta yi dariya ba. Ta tsaya tana kallon mahaifinta yana dafa taya yana miƙewa kaɗan-kaɗan, gumi na zuba, bayan rigarsa duk yashi. Ko a dawo lafiya ma ta manta ba ta ce ba, ta wuce idonta cike da ƙwalla.

Ran da aka yi mata albashin farko ba ta sayi atamfa ba, ba ta sayi waya ba. Da galan ta shigo gida, wani ɗan kyakkyawa mai ruwan azurfa, ta rungumo shi kamar jariri.

"Baba, man giya ne na zamani, sintetik ake ce masa," in ji ta. "Na yi tambaya sosai kafin na saya. Masu jan kaya shi suke sawa yanzu, ba ya ƙonewa da zafi. Mai shagon ya ce in an zuba, sai a shekara biyu ba a waiwaye shi ba."

Baballe ya buɗe murfin ya shinshina. Man garau yake kamar man gyaɗa. Ya mayar da murfin ya rufe a hankali. Shi ya sayar da filin gadonsa ya kai ta makarantar jinya, bai taɓa sa ran ko allura daga hannunta ba, ga shi abin da ta fara tunawa shi ne bayansa. Ya yi ta sa mata albarka har ta ji kunya ta rufe fuska da mayafi.

Asabar ce ranar hutunta, ta ce lallai da ita za a je a zuba. Suka tafi garejin Malam Garba da ke bayan Kotu Rod, bakaniken da ke duba motar tun tana da launi. Garba ya juya galan ɗin, ya ɗiga man a yatsa ya murza, ya gyaɗa kai. Ya shiga ƙarƙashin motar ya ɗan jima, sannan ya fito ya ja Baballe gefe, bayan wata mota da aka ɗage a kan duwatsu.

"Man nan ba shi da laifi," ya ce da murya ƙasa-ƙasa. "Ya fi waccan kwatar da kake ɗurawa nesa ba kusa ba. Amma sil ɗinka ya mutu tun tuni. Zoben robar nan ya tsage, dattin tsohon mai ne kawai ya toshe tsagar. Wannan zai wanke dattin ya bi ta nan ya fice. Ka bar mini motar kwana biyu in aika kasuwar Ƙofar Ruwa a nemo sil, sannan a zuba."

Baballe ya leƙa. Safiyyah tana tsaye a rana da farin takalminta a cikin baƙin man gareji, ta ɗaga waya tana jiran ta ɗauki hoton zubawa. Mutum ya fito ya ce mata a koma gida da galan, motar ubanki ta fi ƙarfin kyautarki? Bakinsa ba zai iya ba.

"Zuba kawai, Garba. Mako mai zuwa na kawo ta a canza."

"Baballe."

"Na ce zuba."

Garba ya yi tsaki, ya zuba. Safiyyah ta ɗauki hoto har uku, Misbahu ya shiga na ƙarshen yana riƙe da galan a ka. Da suka dawo gida ta ɗauko kwalin nan da robar mai tiyo ta jefa a kwandon shara, ta tsaya a gaban mahaifinta.

"Baba, ka yi mini alkawari. Ba kai ba shiga ƙarƙashin mota."

"Uwata, ai sana'ar..."

"Ni na san abin da ciwon baya yake mayar da mutum, ina gani kullum. Ka yi mini alkawari."

Ya yi mata.

Kuma gaskiya motar ta ji daɗin man. Gurnanin da take yi a baya ya lafa, tana jan kaya ba gardama. Baƙin tabon gindin darbejiya ya ɓace. Abin da Baballe yake gani da asuba ɗan danshi ne kawai a yashi, irin wanda ruwan alwala kan bari, kafin hantsi ƙura ta rufe shi. Idon da ya shekara goma sha tara yana neman baƙi bai san yadda zai karanta fari ba. Mako mai zuwan da aka yi wa Garba alkawari ya zo ya wuce, wani ya bi bayansa. In za a canza sil sai an tsiyaye man, in aka tsiyaye kuma sai Safiyyah ta ji, don Misbahu ba ya iya riƙe magana ko ta minti biyar. Kowace yamma in ta dawo daga aiki sai ta zagaya bayan mahaifinta ta duba rigarsa, ta ce, "Yawwa, ba yashi." Shi kuma ya yi dariya, yana jin daɗin a ce yau ga mai tsare shi.

Sau ɗaya, wajen wanke mota, ya ga cikin tayar baya ya yi maiƙo, ƙura ta manne a jiki. Ya tsaya da bokiti a hannu yana kallo, sannan ya watsa ruwa a wurin ya koma gaba yana goge gilashi. Wannan ranar ce daga baya ta hana shi sakat, don ba zai iya cewa bai gani ba.

Wata na uku da zuba man, ana tsakiyar zafin bazara, aka kira su aiki a garin Kura. Bas ɗin wata makarantar Islamiyya ce ta mutu a can, irin ƙananan nan marasa hanci, waɗanda direba yake zaune ƙafarsa na jikin ƙarfen gaba. Ba kowa a ciki, an riga an kwashe yaran. Suka ɗaura sarƙa bayan azahar. Misbahu ya hau, ya taka birki ya ji, ya leƙo ta taga.

"Yaya, wannan birkin sai da addu'a. Ka ba ni danja da wuri."

"Yaushe na taɓa hana ka?"

Suka kamo titin Zariya, kwalta tana tururi. A gadar Tamburawa Baballe ya fara jin wani siririn kuka daga baya, kamar ana wasa wuƙa a nesa. Ya rage rediyo, ya ji da kyau, ya mayar da rediyon. Wajen Na'ibawa kukan ya yi kauri, wani ƙauri kuma ya fara shigowa ta taga. Ya san ƙaurin. Duk direban da ya isa direba ya san shi, kuma ya san abin da ake yi: a gangara gefe, a kashe mota, a jira ƙarfe ya huce. To amma in ya tsaya sai ya shiga ƙarƙashi a gaban Misbahu, yatsa ya fito a bushe, kafin magariba labari ya kai gida cewa man Safiyyah ya tsiyaye a titi. Ya ce a ransa saura kaɗan, garejin Garba ga shi nan, a can za a yi komai a rufe. Da suka wuce Unguwa Uku hanya ta buɗe, maimakon ya rage sai ya ƙara wuta don a isa da wuri.

Sun shigo Gyaɗi-Gyaɗi, har ana hango katangar asibiti, sai wani abu ya ce ƙau a ƙarƙashinsa. Tayoyin baya biyu suka ƙame lokaci guda. Motar ta ja kwalta da ƙara ta tsaya cik, ƙirjinsa ya bugi sitiyari. Ƙafarsa ba ta kan birki, don haka danja ba ta kama ba. A madubi ya ga fuskar Misbahu tana tahowa, idonsa a ƙasa, a kan fitilun da yake jira.

Jibgegen ƙarfen nan na baya ya shige gaban bas ɗin har sitiyari. 'Yan adaidaita sahu da masu shagunan bakin titi suka taru da ƙarafa suna ɓanɓarewa, ana salati, wata mai sayar da awara tana kuka kamar ta san shi. Da aka zaro Misbahu ba jini sosai a jikinsa, sai numfashi da yake fita guntu-guntu. Baballe ya rungume shi a bayan adaidaita. Tafiyar ba ta kai minti uku ba. A cikinta Misbahu ya buɗe ido ya dube shi, ba da fushi ba, da mamaki.

"Yaya," ya ce, "ba ka ba ni danja ba."

Likitoci sun yi iya yinsu. Aka kira Safiyyah daga ɗakin yara, ta zo da gudu da fararen kayanta, ta tsaya a bakin gado tana riƙe da hannun baffanta, mutumin da ya yi shekara shida yana kai ta firamare a kan babur. Kafin a kira magariba rai ya yi halinsa. Washegari da safe aka kai shi maƙabartar Tarauni. Ya bar matarsa Hajara da 'ya'ya huɗu.

A zaman makoki kowa da abin da yake faɗa. Wasu su ce birkin bas ne, wasu su ce sarƙar ce ta yi gajarta, a ƙarshe duk a haɗu a kan cewa kwana ne ya ƙare. Baballe yana zaune a tabarma yana amsa gaisuwa, kowa ya ce ya haƙuri sai ya ce da godiya, maganar Misbahu tana yi masa amsa-kuwwa a ka.

Bayan sadakar uku ya je gareji, inda aka jawo a-kori-kurar. Garba ya riga ya buɗe aksul ɗin. Cikinsa a bushe ƙamas, haƙoran ƙarfen sun yi shuɗi sun narke sun manne da juna. Garba bai ce na gaya maka ba. Da ya faɗa ma da ya fi sauƙi. Ya ɗauko tsagaggen zoben roba, abin da bai fi awarwaron yarinya ba, ya ajiye a tafin hannun Baballe.

"Garba, don girman Allah," in ji Baballe, "kada yarinyar nan ta ji."

"Ai ba laifin manta ba ne."

"Na sani. Nawa ne. Amma kai ka san ta. In ta ji man ya tsiyaye, ta ji ita ta hana ni dubawa, ba za ta ƙara ganin kanta da haske ba har ta mutu. Ɗaya na binne, ba zan iya na biyu ba."

Garba ya tattara narkakkun ƙarafan ya zuba a buhu, ya ɗaure, ya tura ƙarƙashin benci.

Safiyyah ba yarinya ba ce, kuma kunnenta yana aiki. A wurin makoki ta ji wani direba yana cewa aksul ba ya ƙamewa sai in mai ya ƙare. Kwana biyu ba ta ci abinci ba. A rana ta uku da la'asar sai ga ta a gareji, ta tarar da mahaifinta zaune a benci, buhun nan a ƙarƙashin ƙafarsa. Ta durƙusa ta gaishe su. Ta rame, idanunta sun faɗa.

"Baba, zan tambaye ka abu, don Allah kada ka ɓoye mini. Man da na sayo ne?"

Baballe bai taɓa yi mata ƙarya ba, ko irin wadda ake yi wa yara a kan allura. Ya dube ta ido cikin ido.

"Wane irin mai kuma, Uwata? Ƙarfe ne ya gaji ya karye. Shekararsa nawa yana jan kaya? Da muka buɗe, manki yana nan cike, garau, kamar yau aka zuba."

Ta juya wajen Garba. "Haka ne, Baba Garba?"

Garba ya daɗe yana goge sifana da tsumma. "Mai kam mai kyau ne, 'yata," ya ce. "Ban taɓa zuba wanda ya fi shi ba."

Sai a lokacin ta fashe da kuka, irin kukan wanda aka sauke wa kaya. Ta kifa kai a gwiwar mahaifinta tana cewa, "Wallahi na ɗauka ni ce, Baba, na ɗauka ni na kashe Baffa." Yana shafa kanta yana cewa a'a, a'a, dugadugansa suna taɓa buhun.

Dole motar ta koma titi, don yanzu gida biyu take ciyarwa. Garba ya samo aksul na hannu ya ɗaura, da sabon sil, ya kuma yi waldar doguwar sandar ƙarfe a madadin sarƙa, yadda motar da ake ja ba za ta iya cim ma ta gaba ba. Ran da za a zuba mai, Safiyyah ta zo da wani galan mai ruwan azurfa, irin na farko sak.

"Shi ne kaɗai abin da na taɓa yi maka ya yi amfani," ta ce. "Alkawarinmu yana nan ko, Baba?"

Ya karɓa da hannu biyu. "Yana nan, Uwata. Allah ya yi miki albarka."

Tun daga nan, kowace Juma'a da hantsi, Baballe yakan ce zai je ziyara. Yakan je ɗin kuwa. Ya shiga maƙabartar Tarauni ya yi wa Misbahu addu'a, sannan ya fito ya zagaya da motar bayan katanga, inda ba mai wucewa sosai. Ya cire riga ya rataye a madubi don kada ta ɗauki yashi, ya zaro kwalin da yake ɓoyewa a bayan kujera, ya shige ƙarƙashi da sifana. Kullum yatsa a jiƙe yake fitowa. Sabon sil ba ya zubar da ko ɗigo, man yana nan yadda mai shago ya faɗa. Duk da haka sai ya duba.

A Juma'a ta biyar, yana gama ɗaure noti ƙugu ya riƙe. Ya yi yunƙuri, zafin ya harba har wuya. Bai san sanda ya ɗaga ƙafafu ba.

"Misbahu, ja..."

Sai ya tuna. Ƙafafun suka daɗe a sama kafin ya sauke su a hankali. Yana nan kwance, ƙarfe a saman fuskarsa, hawaye na gangarawa cikin kunnuwansa, sai waya ta yi ƙara a aljihun wando. Da ƙyar ya lalubo ta. Safiyyah ce, ta samu ɗan sarari a wurin aiki.

"Baba, ya bayan yau? Ka sha maganin?"

"Na sha. Lafiya lau nake, Uwata. Ai tun da kika sayo man nan ban ƙara kwanciya a ƙasa ba."

Ta yi 'yar dariya, ta farko da ya ji daga bakinta tun rasuwar, ta ce sai ta dawo. Ya ɗora wayar a ƙirji. Daga masallatan Tarauni an fara kiran farko na sallar Juma'a. Ya juya kai yana kallon ƙafafun masu wucewa ta can bakin titi, yana jiran wanda zai roƙa ya ja shi, wanda bai san shi ba, bai kuma san gidansa ba.